An ce shafina cike yake da mahaɗai masu guba, in biya a share su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina fataucin albasar Galmi daga Tawa, kuma ta shafina na intanet masu saye daga Abijan da Kotonu ke samuna. Wata biyu ke nan mun ɓace daga shafin farko na Google. Wani matashi a Yamai ya duba, ya ce mahaɗai masu guba ne suka yi mana yawa, wato munanan links daga wasu shafuka zuwa namu. Wai in ba shi jika 150 ya share su, ya ƙara mana sababbi 5,000. Hankalina ya tashi, ga lokacin cirar albasa ya ƙarato. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya. Fara ganin mahaɗan da idonka. Shiga Google Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, ka sauke jerin shafukan da ke nuno naka, kyauta ne. Sannan leƙa sashen Actions manuelles, inda Google ke sanar da hukuncin da ma'aikatansa suka yanke. In ba ka tarar da saƙo ba, babu ma'aikacin da ya hukunta ka.

Yanzu batun da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan magana, kuma tushenta ɗaya: an sa mutane sun yarda cewa mahaɗi lissafi ne, a rage munana, a tara dubbai. Wannan adadin "guba" da ya nuna maka ba daga Google ya fito ba, ƙiyasin wata manhaja ce da ake biya. Kuma ta yaya zai share abin da ke shafin wani? Ba shi da makullinsa. Iyakar abin da zai iya shi ne tura wa Google jerin sunaye, ya roƙi a yi watsi da su. An buɗe wannan hanya a 2012 domin waɗanda suka sayi mahaɗai aka kama su. Tun 2016 tsarin Penguin na Google ke kau da kai daga tarkacen mahaɗai da kansa. Haɗarin shi ne wanda bai san aikin ba ya jefa har da mahaɗin jaridar da ta rubuta labarinka, ko na babban mai sayenka, ya yanke maka abin da ke riƙe da kai.

Sababbi 5,000 ɗin sun fi tayar mini da hankali. Daga ina? Daga shafukan bogi da na'ura ke cikawa, na caca da tallan magani, cikin harsunan da ba ruwansu da albasa. Ka fi ni sanin kasuwa, Alhaji: shaidar dattijo ɗaya da aka sani a tasha ta fi ihun baƙi dubu da aka biya su yabe ka. Sayen mahaɗi don hawa sama karya dokar Google ne. A Disamban 2022 kamfanin ya sanar cewa tsarinsa na SpamBrain na gano masu saye da masu sayarwa, yana kashe tasirin mahaɗan. In ka yi sa'a kuɗinka kaɗai za su salwanta. In ba ka yi ba, hukuncin da kake tsoro a lokacin zai sauko. Abin takaici, mai sayarwar ya san haka. Cin amanar ɗan uwa ne, ba sana'a ba, kuma ya kamata matasanmu su ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane. In ma talla ka biya a wani shafi, a sa wa mahaɗin alamar rel="sponsored" mai shaida wa Google cewa talla ce.

Ni cikin gida nake zargi. Sa wanda ya gina maka shafin ya bi shi da manhajar binciken shafi mai suna Screaming Frog, tana duba adireshi 500 ba ko dala. Ya fitar da duk mahaɗin da ke kai wa ga 404 (shafin da babu shi), ya duba ko an sauya adireshi ba a sa turawar 301 mai kai mutum sabon adireshin ba, ko an bar alamar noindex, mai hana Google nuna shafi, a shafin farashi. Ka tambaye shi ƙarara: me aka taɓa wata biyu da suka wuce? Turo mini amsarsa tare da jerin da ka sauke, mu duba.