Waliyyai da namun daji: labarin namu ne kaɗai?

Malam, ka tambaya ko Musulmi kaɗai ke da labarin waliyyan da namun daji ba sa taɓa su. A'a, Kiristoci ma suna da nasu. Suna ba da labarin Faransis na Asisi, wanda ya rasu a 1226 Miladiyya, cewa ya sasanta mutanen Gubbio a Italiya da kyarkecin da ya addabe su: su riƙa ciyar da shi, shi kuma ya daina ɓarna.

A ɓangaren Musulmi kuwa, labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra, kamar yadda marubucin Sufaye Fariduddin Attar ya kawo. Tana kan dutse, barewa da awakin daji sun kewaye ta, sai ga malamin nan Hasanul Basri, nan take suka watse. Ta tambaye shi me ya ci. Ya ce albasa da kitse. Ta ce ka ci kitsensu, yaya ba za su guje ka ba?

Sai dai a yi hattara wajen ɗaukarsa tarihi, domin Hasan ya rasu a 728 Miladiyya, lokacin Rabi'a tana yarinya ƙarama.