Inda "already" ke zama a wasiƙar Alhaji

Habu, tunda an ɗauke wuta kuma janareto ba mai, jawo bencin nan ka zauna. Ɗazu ka tambaye ni me ya sa na ja jan biro a kan layi biyu cikin wasiƙar da ka buga wa Alhajin albasa na kasuwar Mile 12 da ke nan Legas, alhali, in ji ka, babu harafi ɗaya da ka kuskure. Gaskiyarka, haruffa sun cika. Wurin zaman kalmomin ne bai yi ba.

Layi na farko ka rubuta "We have sent already the onions". Na biyu kuma "The lorry has arrived yesterday". Ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Ɗauki na farko. Duk inda ka ga "have" ko "has" tare da aikatau irin su "sent", "paid", "gone", "written", to ana maganar abin da ya riga ya faru ne amma ƙurarsa ba ta kwanta ba. Ƙananan kalmomin nan da malaman nahawu ke kira bayanau, wato "already", "just", "never", "ever", "recently", kujerarsu tana tsakanin biyun nan: "We have already sent the onions". In ka ga dama ka kai "already" can ƙarshen jimla, "We have sent the onions already", Bature ba zai yamutsa fuska ba. Abin da ba ya so shi ne ka tsaga tsakanin aikatau da abin da aka aika. "Sent" da "the onions" ba a raba su. In kalmomin taimako, wato irin su "have" da "been", sun zama biyu, bayanau yana bin ta farko: "The bags have already been loaded". Haka ma da "had": "The driver had already left". Amma in kalmar tana faɗin yadda aka yi aikin ne, sai ta matsa kusa da aikatau: "The goods have been carefully packed".

Na san abin da ke ruɗa ka, don ni ma ya ruɗa ni. A Hausa "riga" da "taɓa" su kansu aikatau ne. Mukan ce mun riga mun aika, ban taɓa ganinsa ba. Ka ga babu wata 'yar kalma da ake cusawa a tsakiya. Shi ya sa in Bahaushe ya riƙo "already" sai ya rasa inda zai ajiye ta, kamar wanda aka miƙa wa jinjirin wani.

Amma akwai guda biyu da Hausarka za ta ja ka hanya kai tsaye, kuma su ne suka fi shafar kuɗi. Faɗi wannan: bai biya ba tukuna. Ina "tukuna" take? A ƙarshe. To haka "yet" take: "He has not paid yet". Yanzu faɗi wannan: har yanzu bai biya ba. "Har yanzu" ta zo kafin maganar rashin biya. Haka "still" take shiga gaban "has not": "He still has not paid". Ba a cewa "He has not still paid", ko da wasa.

Kuma ka ji bambancin a kunnenka. "Tukuna" tana nufin muna jira, babu damuwa. "Har yanzu" tana nufin haƙuri ya fara ƙarewa. Na koyi wannan da zufa. Lokacin ina yaron shago kamarka a nan Agege, da tafireta muke aiki da takardar kabon, in ka kuskure harafi ɗaya sai ka sake shafi guda. Wani mahauci daga mayankar Oko-Oba, mai kai nama wani otal a Ikeja, ya zo ya ce a rubuta masa 'yar tunatarwa, kuɗin wata bai shigo ba tukuna. Kwana biyu kacal ya wuce. Ni kuwa don in burge, na buga "You still have not paid us". Washegari sai ga mutumin ya dawo, hula a hannu, ya ce manaja ya wurgo masa takardar, yana tambaya ko shekara ya yi yana bin su bashi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce mini uffan ba a gaban mutane. Ya zare sabuwar takarda ya sa ni na buga "We have not yet received payment". Ka lura da dabarar tsohon: ya cire "you", ya mai da maganar kanmu, sannan ya ɗauko "yet" daga ƙarshe ya sa ta bayan "not", wanda shi ne salon wasiƙar ofis. Ran Juma'a aka biya mahaucin, ni kuma aka hana ni kuɗin abincin rana.

"Just" ma ka yi hattara da ita. Yanzun nan take nufi. In ɗan kasuwa ya biya tun sati uku, kada ka rubuta masa "I have just paid", don in aka duba rasit za a ce maƙaryaci ne.

Sai layi na biyu. Mu a wurinmu "mota ta iso" da "mota ta iso jiya" duk "ta iso" ce, ba abin da ya canza. Turanci ba ya yarda da haka. Da zarar ka buga wa aiki ranar da ta wuce, "yesterday", "last week", "in 2020", "two days ago", to "has" ta fita daga jimlar. Ko dai "The lorry has arrived", ko "The lorry arrived yesterday". Zaɓi ɗaya. Wannan kuskuren ba na Hausawa kaɗai ba ne, na sha ganinsa a takardun da ejan-ejan na tashar jiragen ruwa ta Apapa ke kawowa da hatimi jibgege.

Za ka ce to ai ana cewa "since yesterday". Ana cewa, domin "since" ita ce "tun" ɗinmu, tana nuna inda abu ya faro ya taho har yau: "The lorry has been here since yesterday". In kuwa tsawon lokaci za ka ƙirga, "for" ce: "for three days". Burokar kasuwa ce ta koya mana "I don dey here since", ka tsaya a nan, ma'ana tun tuni. A kasuwa daidai ne. A takarda kuwa mai karatu zai tsaya yana jiran ka faɗi tun yaushe, sai fa in ka riga ka ambaci lokacin a baya.

Na san kuma kana kallon finafinan Amurka a wayar nan, kana jin suna cewa "I already sent it" ko "I just paid" babu "have". Turancinsu ne, ba kuskure ba. Mu dai a nan, makarantunmu da jarrabawar WAEC, wadda ofishinta ke Yaba, salon Ingila suka fi bi, kuma ma'aikacin banki da zai karanta wasiƙar a kan wannan ya taso.

In wuta ta dawo ka gyara layukan biyu. Kafin ka buga sakin layi na uku, inda yake maganar cikon kuɗin buhu arba'in ɗin nan, kira Alhaji a waya ka tambaye shi da Hausa: ba su biya ba tukuna, ko har yanzu ba su biya ba? Ka saurari wadda zai ɗauka.