Amsa: Me ya sa za a ɗinke jijiya bayan karayar idon sawu?

Malam, sannu, Allah ya ba ƙanin naka lafiya. Ka tambaya me ya sa likita ya ce sai an gyara jijiya, alhali ƙashi ne ya karye.

Ƙasusuwa biyu na ƙwauri ne ke riƙe da ƙashin idon sawu, jijiyoyi kuma su ke ɗaure su. In suka tsinke, ko an sa ƙarfe ƙashi ya haɗe, gaɓar za ta riƙa gocewa. Binciken Ramsey da Hamilton na 1976 ya nuna gocewar milimita 1 kacal tana rage wurin da nauyi ke sauka da kashi 42 cikin ɗari. Daga nan amosanin gaɓa ke farawa.

Shi ya sa ake matse ƙasusuwan da sukuru ko zare mai ƙarfi, wani lokaci a ɗinke jijiyar da ke gefen ciki na idon sawun. Don Allah kada ku kai shi wurin mai ɗori, hannu ba ya gyara wannan. Yawanci sai bayan kamar mako 6 zai fara takawa.