Amsar tambayarka a kan faifan da ka saya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi tsohon faifan Band on the Run, na mawaƙi Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings, a wata kasuwa a Ingila, mai shagon ya yi maka faɗa don ka ɗora yatsa a fuskar faifan, kana tambaya ko wannan al'ada ce ko iyayi. Al'ada ce, kuma da dalilinta.

Sautin yana cikin siririyar hanyar da allura ke bi. Maiƙon yatsa yana shiga ciki, ƙura ta manne masa, allura ta riƙa tuntuɓe, shi ne ƙaf-ƙaf ɗin da kake ji. Don haka ake riƙe faifai a gefe, da babban yatsa a baki, sauran a kan takardar tsakiya. Ana jera su a tsaye, ba a jibga su, domin nauyi da zafi suna lanƙwasa robar. Kada ka bar shi cikin mota ko kusa da taga. In ka zo da shi gida, hunturu ne abokin gabarsa: bushewar iska tana sa ya riƙa jawo ƙura da kansa.

Wanki kuwa, tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ban da mai asid!), ɗigon sabulun ruwa ɗaya a kofi, da ƙyalle mai laushi. Ka goga a zagaye, bin layin, kada ka ratsa shi, kada takardar ta jiƙe. Ya bushe sarai kafin ka mayar. Kada sifirit ya taɓa faifan garmaho mai gudun zagaye 78 a minti, narkar da shi yake yi. Naka mai inci 12 ne, gudunsa 33 da sulusi. Nauyin allura a yawancin na'urori giram 1.5 zuwa 2 ne. Ƙananan nan masu kamar akwati suna danna fiye da haka, suna cinye faifai a hankali.

A wurin saye, ka karkata shi a haske. Karcen da farce ya ji, kunne ma zai ji. Ka duba ramin tsakiya: yawan zane a kewayensa yana nuna an sha kunna shi. Haruffan da suke rubutawa, NM, VG+, VG, daraja ce daga sama zuwa ƙasa, amma mai sayarwa ne ya ba kansa maki. Lambar da aka zana a santsin kusa da takarda ita ke nuna bugun. Na Ingila lambar da ke kan takardarsa PAS 10007, waƙa 9, da fosta a ciki. Na Amurka an ƙara masa waƙa ɗaya.

Faifan nan a Legas aka ɗauki yawancinsa, a situdiyon kamfanin faifai na EMI, a 1973. Tsohuwar ƙungiyarsa Beatles ta watse a 1970, Paul McCartney yana neman tsayawa da ƙafarsa da ƙungiyar Wings. Ana gab da tashi mai ganga da mai jita suka fice, suka zo su uku, shi da matarsa Linda da Denny Laine, Paul ya buga gangar da kansa. 'Yan fashi sun ƙwace masa kaset ɗin gwaji, mawaƙi Fela Kuti kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka. Faifan ne ya dawo masa da martaba. Wings ta ƙare a 1981, Laine ya rasu a 2023.

Kuɗin da ka biya, ko kwabo bai kai ga mawaƙi ba. A sayen farko kaɗai yake da kaso. Kuma kada a ruɗe ka da tsada, an buga miliyoyinsa. Waɗanda ke wuyar samu su ne na 'yan rok ɗin Najeriya na lokacin, irin Ofege da BLO. In ka dawo hutu, ka tambayi dattawan Sabon Gari abin da ke cikin akwatunansu, ka duba lafiyar kwalin kafin ka yi tayi.