Man gashi biyu, hoto ɗaya, farashi daban: wanne zan saro?

Wata 'yar kasuwa mai shagon turare da kayan kwalliya a kasuwar Wunti, cikin garin Bauchi, ta aiko da tambaya. Ta ce ta tara naira 400,000 tana son ta ƙara da kayan gyaran gashi, domin kullum sai an tambaye ta man kitso ko maganin amosani. Dilan da take saro kaya a wajensa a Sabon Gari, Kano, ya nuna mata man gashi iri biyu, duka da hoton kaɗanya da zaitun a gabansu, amma ɗaya ya kusa ninka ɗayan sau uku a kuɗi. Tana tambaya wanne za ta ɗauka, kuma ko ta fara haɗa nata man da kanta tunda ta ga wasu suna yi.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa jarin albarka. Hoton da ke gaban kwalba talla ne, don haka kada ki yanke shawara a kansa. Ki juya bayanta, wajen da aka jera sunayen sinadarai da ƙananan haruffa. Ƙa'idar da ake bi a yawancin ƙasashe ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa a cikin man, sannan mai bi masa, har zuwa ƙasa. Abubuwan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera su yadda aka ga dama a ƙarshe. Sunaye huɗu ko biyar na farko su ne ainihin abin da kike saye da kuɗinki.

Ina kyautata zaton idan kika duba mai arahar nan za ki ga ya fara da Petrolatum, wato basilin, ko Paraffinum Liquidum, wanda shi ma daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Man kaɗe, wanda ake rubutawa Butyrospermum Parkii, za ki same shi can ƙasa, wataƙila ma bayan Parfum, wato ƙamshi. Ƙamshi kaɗan ake sakawa, saboda haka duk abin da ya zo bayansa ɗan ɗigo ne. Idan mai tsadar ya sa man kaɗe a sahun farko ko na biyu, tare da man kwakwa, Cocos Nucifera, ko man zurma, Ricinus Communis, to tsadarsa tana da dalili. Idan kuwa jerinsu iri ɗaya ne, kuɗin kwalba da suna kawai ake neman ki biya, sai ki bar wa dilan kayansa.

Kada ki ɗauka cewa ina kushe basilin. Mutane da yawa suna zaginsa ba bisa haƙƙi ba. Ba ya shiga cikin silin gashi, amma yana rufe shi ya hana danshi fita, kuma a hunturun Bauchi, lokacin da gashi ke bushewa yana karyewa a bakin mataji, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ya saurin lalacewa, zafi ba ya ɓata shi, makitsa suna sonsa don yana sa kitso ya kwanta. Aibinsa shi ne yana kama ƙura, kuma idan aka yi ta lafta shi a fatar kai ba a wankewa sai ya taru ya yi datti. Ki sayar da shi a matsayinsa, da farashinsa. Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne ki karɓi kuɗin man kaɗe a hannun baiwar Allah ki miƙa mata basilin mai ƙamshi.

Akwai kuma waɗanda jerinsu ya fara da Aqua. Ruwa ne. Irin waɗannan su ne masu laushi da ke saurin shiga gashi, galibi da Glycerin a ciki mai jawo danshi. Suna da kyau ga mai busasshen gashi, amma a wajenki 'yar kasuwa suna da haɗari, domin duk abin da ke da ruwa yana iya lalacewa, musamman a shagon da ke shan zafin Maris da Afrilu. Ki duba ranar ƙarewar wa'adinsu kafin a ɗaure miki katan. Wasu kuma za ki ga zanen ƙaramar kwalba a buɗe da 12M a jikinta, ma'ana wata 12 bayan an buɗe. Irin waɗannan ki riƙa ɗaukar dozin ɗaya ko biyu, kada rangwamen katan biyar ya ruɗe ki.

Maganar amosani ita ce inda nake so ki fi natsuwa, domin a nan ne masu shago ke rasa kwastomomi ba su san dalili ba. Mace za ta zo ta ce kanta yana ƙaiƙayi yana zubar da fari-fari, sai a ba ta mai. To amosani na gaske yana da alaƙa da wata ƙwayar naman gwari mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo take ci. Man zaitun da makamantansa suna iya ƙara mata abinci. Man da ke da Menthol ko kafur zai sanyaya kai, ƙaiƙayin ya lafa na ɗan lokaci, matar ta ɗauka ta samu magani, bayan mako biyu abin ya dawo, ita kuma ba za ta dawo shagonki ba. Abin da ke aiki shamfu ne mai ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan: Selenium Sulfide, Zinc Pyrithione, Piroctone Olamine, ko Ketoconazole. Salicylic Acid kuma yana taimakawa wajen ɓamɓare ɓawon. Idan kwalba ta yi alkawarin kashe amosani kika duba ba ki ga ko ɗaya ba, ajiye ta. Ki kuma gaya wa mai saye ta bar kumfar ta zauna a fatar kai kamar minti biyar kafin ta ɗauraye, don yawancin masu cewa bai yi aiki ba nan take suke wankewa.

Wani abu da zai iya rikita ki: Tarayyar Turai ta hana saka Zinc Pyrithione a kayan kwalliya tun watan Maris na 2022, don haka za ki iya ganin shamfu mai suna ɗaya, wani da shi, wani kuma da Piroctone Olamine a madadinsa. Wannan kaɗai ba ya nufin ɗaya jabu ne. Lambar NAFDAC da lambar rukunin da aka sarrafa da adireshin kamfani su za ki duba.

Ki san iyakarki a nan. Ketoconazole mai kashi 2 cikin 100 magani ne, wurinsa kantin magani mai lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ba kantar turare ba. Haka Minoxidil da ake amfani da shi don sanƙo. Sannan idan uwa ta kawo yaro da tabo zagayayye a ka, gashin wurin ya kakkarye, wannan makero ne, kuma na fatar kai ba ya warkewa da shafe-shafe kaɗai, sai an sha magani na makonni bisa umarnin likita. Ki tura su asibiti. Kin rasa cinikin naira dubu ɗaya ko biyu a ranar, amma kin hana yaro yaɗa cutar ga 'yan ajinsu, kuma uwar nan ba za ta manta da ke ba.

Rilaksa ma, wato sinadarin miƙar da gashi, galibi iri biyu ce. Mai Sodium Hydroxide ta fi ƙarfi da sauri, tana ƙona fatar kai idan aka bar ta ta wuce lokaci, ta fi dacewa da hannun ƙwararru a shagon gyaran gashi. Wadda ake haɗawa biyu kafin a shafa, mai Calcium Hydroxide da Guanidine Carbonate, ta fi sauƙi a fata amma tana busar da gashi. Ba wadda ba ta ƙuna. A watan Oktoba na 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka ya nuna cewa matan da ke yawan amfani da sinadaran miƙar da gashi sun fi fuskantar haɗarin sankarar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce ga sinadarin da ke haddasawa ba, amma ya isa ya sa ni ba zan ba ki shawarar ki ɗora kasuwarki a kan rilaksa ba, kuma ina roƙonki kada ki ƙarfafa wa iyaye gwiwar shafa wa ƙananan yara. Rinin gashi da baƙin lalle kuma ki duba ko akwai p-Phenylenediamine, wanda ake taƙaitawa PPD. Yana kumbura wa wasu fata da fuska sosai, don haka a gwada kaɗan a bayan kunne kwana biyu kafin a shafa.

Masu neman tsawon gashi su ne za su fi yawa, kuma a nan ne harshe ke saurin zamewa. Gashin mutum yana tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, ba man da zai mayar da shi uku. Abin da mai kyau ke yi shi ne rage karyewa, har tsawon da ya fito ya tsaya. Man kwakwa yana shiga silin gashi ya rage masa rauni, man kaɗe yana tausasa shi, garin cebe na mutanen Chadi ma a jikin gashin ake shafa shi don kada ya karye. Wadda gashin goshinta ke ja baya kuwa, sau da yawa kitso mai tsauri ne sanadi, sai ta sassauta kafin kowane mai ya amfane ta. Ki faɗi haka a fili. Wadda aka yi wa alkawarin gashi har gadon baya cikin wata guda, kwalba ɗaya za ta saya.

Sai lissafin kuɗi. Ki riƙa raba farashi da nauyi. Misali, kwalbar giram 100 a naira 1,500 ta kama naira 15 kowane giram, ta giram 250 a naira 3,000 kuma naira 12. Ki kuma lura da saurin fita: man da ke ba ki ribar naira 300 kina sayar da 20 a mako ya kawo 6,000, wanda ke ba ki 1,500 amma biyu ke fita ya kawo 3,000, sauran suna kan kanta sun riƙe miki jari. Da ni ce ke, zan ajiye naira 100,000 a gefe ban taɓa ba sai na ga abin da ke tafiya. A cikin sauran, mafi tsoka ya tafi ga man kitso na yau da kullum da shamfu, har da na amosani iri biyu masu sinadari daban-daban, don idan ɗaya bai karɓi mutum ba a canza masa. Mai tsadar nan, in har bayansa ya gaskata gabansa, ki ɗauki dozin ɗaya ki gwada kasuwarsa. Kada ki yi cinikin biri a sama ta waya. Ki ce dilan ya turo miki hoton bayan kowace kwalba ta WhatsApp, yadda rubutun zai karantu. Ki zagaya wajen makitsa uku ko huɗu na unguwarku ki tambaye su abin da suke ƙarar da shi duk mako, don su ne masu saye a kai a kai.

Game da haɗa naki man, ribarsa ta fi ta saro, kuma man kaɗe mai kyau ba ya wuyar samu a Arewa. Ki fara da wanda ba ruwa a ciki: man kaɗe, man kwakwa, ɗan man zurma, ƙamshi kaɗan. Ki auna da sikeli ki rubuta a littafi, don na yau ya zama daidai da na wata mai zuwa. Kada ki bari kowa ya ruɗe ki ki zuba ƙwayar magani ko man shafawa na kemis a ciki, musamman masu Clobetasol ko Betamethasone, domin suna sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa. Kafin ki manna takarda da sunanki ki fara kai wa shaguna, ki yi rajistar sunan kasuwancin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ki je ofishin NAFDAC na Bauchi ki ji sharuɗɗan rajistar ƙananan masu sana'a. A jikin takardar kuma ki jera abin da kika zuba, mafi yawa a farko, da ranar da kika haɗa.