Ga ni, kin kira ni

'Yata, saƙonki ya iso, na karanta ina dariya ni kaɗai. Wai kin fara koya wa ɗanki jin magana ta hanyar wasa, ki ce "tsaya" ya tsaya, ki ce "zo" ya rugo, maigidanki kuma ya ce wannan sangarta ce, tarbiyya sai da tsawa da bulala, shi ne kike tambaya yadda ake yi a gidanmu. Dariyar ta tsaya da na tuna yaron ko shekara uku bai cika ba, ku kuma har kun fara zaman shari'a a kansa.

Innarmu, wato kakarki, kullum a bakinta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai ta ƙara da nata, ta ce wanda ya tanƙwara da ƙarfi kuma karyawa ya yi.

Akwai wasan da muke yi bayan addu'ar dare, muna ce masa wasan Sama'ila. Kin san labarin, yana 1 Sama'ila sura 3: yaro Sama'ila yana kwance a Shilo, Ubangiji ya kira sunansa sau uku, kowane lokaci ya ruga wurin Eli, tsohon firist, yana zaton shi ne ya kira shi, sai a na huɗu ya amsa cewa bawanka yana ji. Inna ce Eli, ta kwanta ta rufe ido, tunda dama idon tsohon ya dushe. Baba ya ɓuya a bayan ƙofa yana kira. Wanda aka zaɓa ya rugo wurin Inna ya ce, "Ga ni, kin kira ni," ita kuma ta ce, "Ban kira ka ba, koma ka kwanta." A kira na huɗu ne Baba zai ba da aike, ko kawar da kwano ko ba 'yar'uwa haƙuri, mu tashi da gudu mu yi, don a daren nan ai kai ne Sama'ila. Har faɗa muke a kan wa za a kira.

Daren da aka zo kan babanki, yana ɗan ƙarami sosai, ba zan manta ba. Kira na farko ya tafi da gudu har yana tuntuɓe. Na biyu ya tafi da sassarfa. Na uku yana jan ƙafa, baki a tunzure. Aka yi na huɗu, shiru. Baba ya sake kira da murya mai kauri, shiru. Can sai muka ji 'yar murya daga tabarma: "Ni dai na gaji da zirga-zirga, in magana ce da kai ka fito ka faɗa." Mu manya cikinmu ya ɗuri ruwa, don Baba ba mutumin da ake mayar wa magana ba ne. Sai ga wani irin gurnani daga bayan ƙofa, ashe dariya ce yake dannewa. Ya fito, ya tsugunna har idonsa ya daidaita da na yaron, ya ce, "To, na fito. Je ka ɗauke takalmanka daga bakin ƙofa." Babanki ya miƙe ya ɗauke, ba musu. Daga ranar, in Baba zai aiki ƙaramin yaro, zuwa yake inda yake ya faɗa sau ɗaya.

Ku na yanzu kuwa, uwa tana zaune ido a kan waya, tana ƙwala wa yaro kira kamar mai talla, ita kanta ta manta me ta kira shi ya yi. In ya ƙi zuwa ta miƙa masa wayar don ya yi shiru. Yaron da aka saba kira ba dalili, don me zai tashi?

Kada ki ce na goyi bayanki duka. Eli ɗin nan yana da 'ya'ya biyu, Hofni da Finehas, laifin da Ubangiji ya kama shi da shi kuwa shi ne ya san abin da suke yi bai kwaɓe su ba. A wasanmu ma aiken gaske ne a ƙarshe, in ba ka yi ba ba a tashi. Maigidanki kuma, ki tuna masa a hankali, ba a gaban yaro ba, cewa Afisawa 6 bai ƙare a aya ta 1 ba. Maza suna son wurin da Bulus ya ce 'ya'ya su yi biyayya, sukan rufe littafin kafin aya ta 4, inda ya ja kunnen ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Zancen bulala ki bari sai na zo, ba a rubuce zan yi shi ba. Kafin nan ki sa maigidan naki ya shiga bayan ƙofa ya zama mai kira, ke ki zama Eli, dama na san barci ba ya isarki.