Amsa kan haɗe jerin gidajen dillalan Katsina da Daura

Malam, kana tambaya ko ya dace dillalan Katsina da na Daura su haɗe jerin gidaje da filayensu wuri ɗaya, maimakon kowa da gurup ɗinsa na WhatsApp. Eh ya dace wallahi, mai neman gida a Ƙofar Ƙaura ko Barhim ya duba wuri guda ya huta da yawo, ai haka dillalan Amurka ke yi da MLS, wato rumbun bayanai guda da dillalai ke saka jerin gidajen da ke hannunsu.

Amma fa sai an fara rubuta yadda za a raba la'ada, don na sha ganin fili ɗaya a hannun dillalai da yawa kowa da farashinsa, ana sallamawa sai rigima ta ɓarke kowa na cewa shi ya fara kawo mai saye.